Ashe Teku Ma Yana da Zango

Wallahi da wani ne ya ba ni labari, da na ce ya ƙara gishiri. Mun taso daga Hurghada da hantsi, muka miƙa kudu a bakin Bahar Maliya, hamada a dama, ruwa a hagu, ba itace ba inuwa. Muka wuce Ƙusair, tsohuwar tashar da alhazan Masar suka riƙa hawa jirgi zuwa Hijaz a zamanin da. Barci ya fara fizgata ke nan sai abokin tafiyata ya zungure ni da gwiwar hannu: "Malam, tashi ka ga ikon Allah!" Na buɗe ido, sai ga dogayen sanduna farare tsaye cirko-cirko a bayan tudun yashi, kamar dabinon da aka sare wa kai. Sandunan jiragen ruwa ne. A tsakiyar hamada!

Wurin shi ne Port Ghalib. Gari ne da aka ƙirƙiro daga fili fetal, kamfanin iyalan Kharafi na Kuwait ya zuba kuɗinsa, kamar yadda ya gina filin jirgin saman Marsa Alam da ke kusa, wanda aka buɗe a 2001. An shigo da teku cikin ƙasa, aka daɓe gaɓar, aka jera otal-otal da shagunan shayi da dabino a gefe. Wannan duk bai dame ni ba, otal otal ne ko a ina. Bakin ruwan ne ya riƙe ni har azahar ta kusa kuɓuce mini.

Jiragen sun juya wa gaɓa ƙeya, kowanne ɗaure da igiyoyi kamar dawaki a turke. A gindin kowane ɗaya akwai ɗan ginshiƙi mai famfo da soket, mai jirgi ya ja tiyo ya cika tankinsa, ya jona waya ya sami wuta. Manyan farare masu hawa biyu da uku na masu ninƙaya ne, su ke kwasar 'yan yawon buɗe ido zuwa duwatsun murjani irin su Elphinstone da Daedalus. Ni kuwa ƙafata ta kai ni can ƙarshe, inda ƙananan suke, masu tafiya da iska. Su ba ƙyalƙyali. Gishiri ya yi musu fari-fari, an ɗaɗɗaure jarkokin dizal a gefe, ga farantin sola a baya, ga wanki a shanye, har da wani keke mai naɗewa da tsatsa ta fara ci. Ina ganin haka gabana ya faɗi don murna, na ce ai na san wannan wurin. Zango ne! Kayan matafiyi ba ya ɓuya, ko a kan raƙumi yake ko a kan ruwa.

Wani dattijon Bature na zaune a kan jirginsa yana ɗinke ƙaton ƙyallen da iska ke turawa, da allura kamar basilla, matarsa na fere dankali a roba. Na yi musu sallama da ɗan Turancina, suka ce in hau, amma in cire takalmi. Ciki kuwa, kai! Gado, murhu mai lilo don kada tukunya ta kife in igiyar ruwa ta taso, taswira a allon kwamfuta, komai da mazauninsa kamar adudun amarya. Daga Tailan suka taso, suka ratsa Tekun Indiya, suka shigo ta Babul Mandab da zuciya a hannu, suka yada zango a Sawakin. Da ya ambaci Sawakin sai da tsigar jikina ta tashi. Tashar da kakanninmu suka riƙa isa da ƙafa bayan shekaru a hanya, su tsallaka zuwa Jidda, wasu kuma su zauna a Sudan har jikokinsu na nan yau suna Hausa. Ga shi wannan tsoho ya kwana a can cikin gidansa mai iyo.

Shi ya warware mini dalilin da ya sa tashar nan take da daraja a wurinsu. A arewacin Bahar Maliya iska daga arewa take busowa kusan duk shekara, wato tana dukan goshin duk wanda ya nufi Suez. Sai mutum ya riƙa laɓewa a ƙananan lungunan gaɓa da Larabawa ke kira marsa, yana jiran ta lafa, ya yi wuf ya ƙara gaba, ga duwatsun murjani a ƙarƙashi masu iya farke cikin jirgi. Port Ghalib kuwa ƙofar shiga Masar ce a hukumance ga mai zuwa daga kudu. Jirgi zai shigo da ƙaramar tuta ruwan ɗorawa a sama, alamar yana neman izini, jami'an kwastan da na shige da fice su buga masa hatimi, sannan ya sauke ta. Daga nan sai wanka da ruwan daɗi, sai burodi mai zafi, sai barcin da ba a tashi duba anka. A gaba akwai Mashigin Suez mai kilomita 193, wanda ƙananan jirage kan yi kwana biyu suna ratsawa, da kwana a Isma'iliyya.

Da la'asar aka kai mu Marsa Mubarak, nan kusa, inda manyan kunkurun teku ke kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwa, kuma aka ce ɗan'uwan ayun kogin Binuwai yakan leƙo. Ayu dai ya ƙi fitowa. Kunkuru na gani, faɗinsa ya kai faifai uku, ya ɗago kai ya ja numfashi kamar tsohon da aka tasa daga barci.

Washegari da asuba iska ta kwanta luf. Na fito da gudu da ledar dabino a hannu zan kai wa dattijon, sai na tarar da gurbinsu wayam, tiyon ruwa a naɗe a gindin ginshiƙi. Can bakin mashiga wani ƙaramin jirgi yana shigowa a hankali, tutarsa ruwan ɗorawa, wata mata tsaye a gaba da igiya a hannu tana neman wanda zai cafe. Na ajiye dabinon na miƙa hannu.