Jar darar Baba

Ran Asabar da ta wuce na je bikin wani tsohon ɗalibina a Gazawa. Ango da abokansa sun yi anko, shadda iri ɗaya, zanna bukar iri ɗaya, abin gwanin sha'awa. Da muka keɓe na yaba hular, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, ita ma bashi ce. Sai an sayar da wake zan biya.”

Ban ga laifin tsadarta ba. Zanna ta gaske ɗinkin hannu ce, allura da zare, ana yin makonni a kan guda ɗaya. Da yawa daga masu ɗinkinta mutanen Bama ne da rikicin 2014 ya kora zuwa Maiduguri, da ita suke ci. Abin da ya dame ni shi ne yaron nan tun yana ajina ban taɓa ganin hula a kansa ba, kuma babu wani babba a gidansu da ya ɗora masa wannan. Kasuwar Maraɗi ya je ya zaɓo da kansa.

Ni da na yi aure a ƙauyenmu kusa da Agye, jar dara na sa. Baba ya ciro ta daga adaka tana ƙanshin turare, irin ta ulu da ake kawowa daga Tunis, shi ma gadonta ya yi. Ta yi mini yawa, sai da aka naɗe takarda aka cusa ciki. Da hannunsa ya ɗora mini a zaure, gaban kawunnaina, ya ce daga yau ba na shiga gidan surukai kai ba hula. Rawani kuwa ko zancensa ba a yi ba. Duk wanda ya taɓa zuwa fadar Sarkin Gobir a Tibiri, can ɓangaren Gidan Runji, ya san rawani yana da masu shi.

Mu iyaye da malamai muna faɗa a kan askin yara da zazzagaggen wando, amma wa ya taɓa nuna wa ɗansa bambancin ƙube da damanga, ko haɓar kada? Na tambayi ƴan ajina, shiru.

Darar tana nan a adakata. Babban ɗana yana ce mata hular tsofaffi. Shekaranjiya dai na same shi gaban madubi yana gwada ta, kuma ta zauna masa ba sai an cusa takarda ba.