Maki Kaɗai Ba Ya Kai Mutum Ajin Likitanci

Na ci maki mai kyau a jarrabawar JAMB, har Baba ya fara kirana Dakta a gaban baƙi. Da sunaye suka fito, sai na ga an tura ni fisiyoloji. Na daɗe ina faɗa wa duk mai saurare cewa 'ya'yan manya aka ba gurbina. Sai da ƙanwata ta tashi neman likitanci na zauna na bi yadda ake rabon, sannan na gane inda gizo ke saƙa.

Jami'a ba ta ɗibar ɗalibai yadda ta ga dama. Hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikin asibitin koyarwarta. Wannan ɗan adadin kuma, a jami'o'in tarayya, gida uku ake kasa shi: kashi 45 cikin 100 na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari baya a ilimin boko. Ni kuwa suna na bi, na zaɓi jami'ar da jiharmu ba ta cikin yankinta. Ke nan tun ranar cike fom ƙofar kashi 35 ta rufe mini, alhali abokina da na fi maki ya shige ta cikinta a jami'ar kusa da gida. Ba wanda ya cuce ni.

Tun 2017 kuma komai ta manhajar CAPS yake bi: jami'a ta miƙa suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya karɓa ko ya ƙi. Idan ana son mayar da shi wani kwas, nan zai gani. Shi ya sa na hana ƙanwata bar wa masu kafen intanet lambobin sirrinta, don wasunsu da sun ga gurbi sai su danna karɓa, ko na mene ne.

Iyaye, kafin yaro ya rubuta zaɓin farko, a binciko ko jiharku na cikin yankin jami'ar, a kuma tambayi makin da ta tsaya a kai bara.