Daidaita Sahu a Fuskar Waya

Jadawali tsohon abokin tafiyar mai nazarin harshe ne. Da shi muke jera wakilan suna, da shi kuma muke kwatanta karin harshen Adar da na Damagaram. A allon aji fili yalwatacce ne, malami yakan ja layi iya tsawon hannunsa. To amma yau mafi yawanmu a waya muke bita. Na ɗauki watanni ina haɗa wata ƴar manhaja ta Android mai nuna wakilan sunan da ke zuwa kafin aikatau, kuma babu abin da ya ci lokacina kamar tsara sahu guda na jadawali, wato layin da ke kwance daga wannan gefe zuwa wancan. A wurin aikin nan na gane cewa tsara sahu hukunci ne na nahawu, ko da mai tsarawar bai sani ba.

Mu fara da faɗi. Masu gina manhajar Android suna awo da ma'aunin da suke kira dp, kuma wayoyi da yawa faɗin fuskarsu bai wuce dp 360 ba. Jadawalinmu kuwa yana da sahu tara: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su, da na wanda ba a ambata ba, irin su an da aka. Lokutan aikatau aƙalla takwas ne. In aka haɗa su da layin farko mai ɗauke da sunan sahu, kowane gida dp 40 kawai zai samu. Wannan ko ƙaramar kalma da kyar take shiga cikinsa.

A tsarin TableLayout na Android, faɗin kowane layin tsaye yana bin gidan da ya fi faɗi a cikinsa. Ranar da na ƙara siffofin mutanen Tawa da Gobir, wato munka, kunka, sunka da anka, kusa da muka, kuka, suka da aka, sai layin duka ya kumbura ya ture maƙwabtansa. Hanya biyu masu sauƙi ke gaban mai gini a nan: ya matse gidan har kalma ta karye gida biyu, ko ya datse wutsiyarta ya sa ɗige uku. Ga injiniya duk ɗaya ne. Mu kuwa mun san cewa in aka datse munka, abin da ya saura shi ne mun, kuma mun wani lokaci ne dabam. Ɗalibin da ya haddace wannan sahu ya haddace ƙarya. Abin da na zaɓa shi ne kowane sahu ya nuna lokuta biyu kacal, waɗanda ake son a gwama: shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya kusa da na biyu, mai ci na ɗaya kusa da na biyu. Sauran suna jira a shafi na gaba. Wanda ya haɗa taura biyu a baki ba ya tauna ko ɗaya.

Bayan faɗi sai tsayi. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, amma jadawalin nazari dole ya nuna su. Kalmar fara kaɗai ta isa misali: akwai farā mai launi, akwai fā̀rā mai cin hatsi, akwai fārā̀ ta soma aiki. A biyun ƙarshe alama biyu ke hawa kan wasali ɗaya. In aka ƙayyade tsayin sahu da lamba tsayayya, alamar sama ce ke fara yankewa, sai kalmomin su koma kama da juna. Saboda haka nake barin sahu ya miƙe gwargwadon abin da ke cikinsa, in ƙara masa sarari sama da ƙasa. Iyakar da nake sa masa ta ƙasa ce: kada ya gaza dp 48, awon da Google ya ba da shawara ga duk abin da yatsa zai taɓa. Haka kuma idan dattijon malami ya ƙara girman baƙaƙen wayarsa, sahun zai girma tare da su.

Su kansu baƙaƙen sai an zaɓa. Ba kowane salon rubutu ne ke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Na ƙarshen nan ya fi shafar mu, tunda a Najeriya 'y ake rubutawa. Idan salon ya rasa baƙi, waya takan aro shi daga wani salo, sai ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki, wani lokaci ma akwati fanko ke fitowa. Salo irin Noto ko Charis SIL suna ɗauke da su duka, kuma ana iya cusa su cikin manhajar.

Akwai kuma inda sahu ke yaudara. A misalan da muke fassarawa kalma da kalma bisa ƙa'idojin Leipzig, jimlar Hausa tana sama, bayanin ƙwayoyin ma'ana yana ƙasa. Ido yana ganin sahu biyu, amma ainihin ɗaurin a tsaye yake, tsakanin kalma da bayaninta. Idan jimla ta fi faɗin waya, kowace kalma sai ta sauka layi na gaba tare da bayaninta, in ba haka ba a wayi gari bayanin aikatau yana ƙarƙashin suna. Ga mai son ƙara ajami kuma, tun Android 4.2 na shekarar 2012 ana iya jingina gida da farkon sahu ko ƙarshensa maimakon hagu ko dama, sai jadawalin ya juya da kansa.

Ado shi ne na ƙarshe a wurina. Siririn layi tsakanin tilo da jam'i ya fi launi bakwai amfani, domin rabuwa ce da harshen kansa ya yi. Rubutu mai toka-toka a kan fari yana da kyau a ɗaki, amma a ranar Tawa ɓacewa yake yi.

Ƴan'uwa ɗalibai, manhajojin koyon Hausa za su ci gaba da fitowa, da mu ko ba mu. Abokanmu na sashen kwamfuta sun iya jera gidaje, amma mu muka san kalmar da ba ta datsuwa da alamar da ba ta yankuwa. Mu zauna tare da su tun ranar da ake zana sahun farko, kafin a kai ga na dubu.