Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Ku samari 'yan makaranta, na san da yawa cikinku kun saba ganin dattawa bisa babur ɗin nan mai faɗin gaba da ake kira Vespa, suna tafe a hankali, babbar riga na kaɗawa. A ƙasar Dutse har yanzu ba a rasa tsofaffin malamai da 'yan kasuwa da ke riƙe da nasu, waɗansu tun kafin a yanke Jihar Jigawa daga Kano cikin 1991. Ga idon mai wucewa duk iri ɗaya ne. Amma ran da wani abu ya lalace a cikin inji, ran nan ake sanin kowane da danginsa.

Asalinsa daga ƙasar Italiya ne. Kamfanin Piaggio ya fara ƙera shi cikin 1946, ma'anar sunan kuwa da bakinsu zanzaro, saboda siririn ƙugunsa da ƙarar da yake yi. Tun daga sa'an nan sun fitar da iri-iri. Cikin 1965 aka fito da Super da Sprint, cikin 1969 aka ƙara Sprint Veloce, sa'an nan PX cikin 1977. Ga kuma na Indiya, watau Bajaj Chetak, wanda aka fara cikin 1972 bisa fasalin Sprint, har wanda bai sani ba sai ya rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Abin da ya sa na shiga wannan bincike shi ne babur ɗin baffana, tsohon malamin firamare a Garu. Shi ne ƙafarsa zuwa gona da kasuwar Shuwarin da gaisuwar 'yan'uwa a Kiyawa, ga shi ƙarfin tafiya ƙasa ya ƙare masa. Da injin ya rasa ƙarfi, bakanike ya ce sai sabon fistan da ringi. Takardun saye sun daɗe da ɓata, tambarin da ke gaba ya faɗi, an kuma sake fenti ba sau ɗaya ba. Baffa ya ƙirga kuɗi daga ɗan fanshonsa ya ce, "Ɗana, ga shi, ba ni da na saye biyu."

To, ga yadda ake gane su. Maƙeran sun buga lamba a jikin ƙarfen babur, ƙarƙashin murfin gefe, suka buga wata a jikin inji. Kowace tana farawa da haruffa. VBC ita ce Super, VLB ita ce Sprint, VLX kuwa PX mai ƙarfin 150. Harafin ƙarshe in T ne, lambar gangar jiki ce. In M ne, ta inji ce. Wajibi ne a karanta duka biyu, gama babur da ya shekara hamsin a hannun makanikai ba mamaki an taɓa ɗora masa injin wani. Muka kankare fenti da tsatsa a hankali, muka shafa alli, sai ga VLB1T ta fito sarai, ta inji kuma VLB1M. Taya ma ta ba da shaida, domin ta Super inci 8 ce, ta Sprint inci 10, namu kuwa 10.

Sai dai nan ne wuyar take. Sprint da Sprint Veloce haruffansu ɗaya, amma cikinsu dabam. Injin Vespa na wancan zamani da fetur gauraye da mai yake aiki, kashi 2 cikin 100, kuma gaurayen yana hawa cikin silinda ta waɗansu ƙofofi da aka huda a bangonta. Ta Sprint ƙofa biyu gare ta, ta Veloce uku, saboda haka fistan ɗin wannan ba ya zama daidai a waccan. Waɗansu sukan duba fitila, wai ta Veloce kewayayya ce, ta Sprint ta farko mai kusurwa. Ni ban amince da shaidar fitila ba, don ita ce abin da ake fara sauyawa in an yi karo da akuya.

Da na je Kano, wani mai sayar da kayan gyara ya miƙo mini kwali, ya ce, "Malam, ɗauki, ai duk Vespa Vespa ce." Na yi masa godiya, na komo Dutse hannu wofi, kuɗin baffa na aljihu. Bakanike ya kwance silinda muka leƙa, muka ƙirga ƙofofi: biyu. Ya kuma auna faɗin ramin. Na asali milimita 57 ne, namu ya ɗara haka kaɗan, alamar an taɓa faɗaɗa shi, watau ko fistan na asali aka samo sai ya yi sako-sako.

Na rubuta abu huɗu a takarda: lambar jiki, lambar inji, yawan ƙofofi, da awon rami. Na naɗe tsohon fistan a tsumma na koma Kano da shi. A rumfa ta uku na sami wani dattijo wanda bai tambaye ni launin babur ba, sai ya karɓi takardar ya karanta, ya shiga ciki ya daɗe yana tone-tone, ya fito da fistan da ringinsa. Muka jera shi da tsohon a kan benci, ya auna su duka biyu a gabana, sa'an nan muka shiga ciniki.