Usur a Hannun Yara: Gasar 'Yan Sikawut a Maraɗi

Daga Tarai zuwa Maraɗi tafiya ce mai tsawo amma ba ta ɓatar da mutum: ka baro ƙasar Kibiya ka shiga Kano, ka miƙe Katsina, ka bi ta Jibiya ka tsallaka iyaka, ka ratsa Ɗan Isa. Zumunci ne ya kai ni. Da mai masaukina ya ji ni malamin firamare ne mai kula da 'yan sikawut, sai ya ce ba zan bar garin ba sai na ga gasar da yaran unguwanni suke yi a filin wata makaranta.

Mun isa da hantsi, sanyin hunturu bai gama saki ba. Runduna-runduna suka jera, kowace da launin ƙyallen wuyanta. An ja layukan tsere da toka, an kafa sanduna an zagaye fili da igiya, ga randuna cike da ruwa a gindin dogon yaro. Na duba in ga babban mutumin da ke tafiyar da wannan taro, sai na tarar usur yana bakin wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba. Wata yarinya ce ke riƙe da littafin maki. Malamansu suna zaune a inuwa, ba mai tasowa sai an kira shi.

Na matsa kusa da yaron na ce, “Samari, wa ya ba ka alƙalanci?”

Ya ɗan rusuna ya ce, “Baba, shugabannin rukunai ne suka zauna suka zaɓe ni. In rundunarmu za ta shiga, sai in miƙa wa wani usur ɗin.”

Haka kuwa aka yi, a gabana.

Wannan shi ne ainihin tsarin da Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan sikawut, ya gwada a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, inda ya raba yara kimanin ashirin rukuni huɗu, ya ɗora wa kowane rukuni shugaba daga cikinsu. Gasa ma tun farko tana cikin tafiyar: a babban taron 'yan sikawut na duniya na farko, wanda aka yi a Landan a 1920, har jan igiya aka yi tsakanin ƙungiyoyi. Sai dai abin da na gani a Maraɗi yana da saiwa a gida. Mu ma mun san Sarkin Samari da aikin gayya. A Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, an raya Samariya ta zama ƙungiyar matasan kowace unguwa da kowane ƙauye, kuma iyayen waɗannan yara da kakanninsu a cikinta suka tashi. Shirya taro a wurinsu gado ne.

An yi tseren gudu, an yi na miƙa sanda, an gwada saurin ƙulla igiya da kafa tanti. Duk sun yi kyau. Amma da aka ce langa, fili ya ɗauki zafi. Kowane yaro ya kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, yana tsalle da ɗayar, 'yan rukuni suna kare ɗan wasansu da ake kira ruwa har ya kai gida, abokan hamayya suna neman kayar da shi. Wanda ya saki ƙafa ya fita. Wasan da muke yi a dandalin Tarai da farin wata, shi ne nan aka ba shi maki daidai da tsere, aka rubuta sakamakonsa a littafi. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini, don a makarantunmu yaro na ganin langa wasan ƙauye ne, ƙwallon ƙafa kaɗai ne wasa.

Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ta ɗaukaka kokawa. Tun 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, ɗan Maraɗi Kantu ya lashe ta, kuma filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Jihohi takwas ke turo 'yan kokawa, gasar na zagayawa daga jiha zuwa jiha, zakara ya tafi da takobi. Yaron da ya girma yana jin wannan a rediyo da Hausa ya san wasan gidansu yana da daraja. A gasar 'yan sikawut ɗin ma, da ƙanana suka shiga da'irar yashi don kokawa, na ga wanda aka kayar ya tashi ya rungume wanda ya kayar da shi, ba a ce masa ya yi ba.

Kyautar ba ta taka kara ta karya ba: tuta ga rundunar da ta fi maki, littattafan rubutu da sabulu ga sauran. Kuɗin kuma karo-karo ne na iyaye da 'yan kasuwar unguwa, aka karanta lissafinsa a bainar jama'a kafin a watse. Sannan aka miƙa littafin maki ga rundunar da za ta karɓi baƙi a karo na gaba.

A wajenmu sau da yawa ana jiran sai hukuma ta saki kuɗi kafin a yi wasannin makarantu, in ba ta saki ba shekara ta wuce haka nan. Alhali toka, igiya, usur da fili duk muna da su. Bayan kaka, idan an cire gyaɗa an kai dawa rumbu, yara sun huta da gona. Na fara magana da abokan aikina na Kibiya da Rano a kan mu gwada a lokacin nan, Tarai ta fara karɓar baƙi, langa da kokawa su shiga jadawali, shugabannin rukunai kuma su zaɓi alƙalansu da kansu.