Gobi, hamadar da raƙumi ke kashe ƙishi da ƙanƙara

Da an ce hamada, hankalin Bahaushe Tenere yake tafiya: rairayi iya ganin ido, rana tana dukan ƙeya, ayari ya miƙi hanyar Bilma ɗauko gishiri. To amma masana yanayi ba zafi suke dubawa ba, ruwan sama suke aunawa. Yankin da abin da yake samu a shekara bai kai milimita 250 ba, hamada ne, ko da ƙanƙara ta lulluɓe shi. Shi ya sa Antatika, inda tashar Vostok ta auna digiri 89.2 ƙasa da sifili a 1983, ta fi Sahara girma a jerin hamadun duniya.

Wadda ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce Gobi, tsakanin Mongoliya da Sin, domin can akwai makiyaya da iyalansu. Tsaunukan Himalaya da tudun Tibet sun tare mata damina daga kudu, iskar Saberiya kuma tana kaɗo mata daga arewa ba shamaki. Rairayinta kaɗan ne, galibi tsakuwa ce da fako. Da bazara zafi kan haura digiri 40, da hunturu sanyi ya gangara har 40 ƙasa da sifili.

Raƙumin can tozo biyu gare shi, da gashi buzu-buzu da yake zubarwa idan ɗumi ya shigo. In rijiya ta daskare, dusar ƙanƙara yake ci. Mai shi kuwa yana cikin zagayayyen tanti na ulu, murhu a tsakiya, ana iza masa busasshen kashin dabbobi saboda itace ya yi wuya.

Abin da ke hana makiyayan barci shi ne dzud: fari ya hana ciyawa girma, sannan mugun sanyi ya biyo baya ya rufe ɗan abin da ya tsira. Na hunturun 2009 zuwa 2010 ya kashe wa Mongoliya dabbobi sama da miliyan 7. Dattijon Damargu ko Azbin da ya ga farin 1973 ba ya bukatar a fassara masa wannan baƙin ciki. A Mongoliya, gidaje da yawa da garkensu ya ƙare sun tattara tantunansu, suka je suka kafa a gefen birnin Ulanbator suna neman aikin ƙwadago.