Moab: Garin Da Fedar Keke Ke Raba Kan Mahaya

A wannan mako shafinmu na yawon buɗe ido zai kai mu yammacin Amurka, zuwa wani ƙaramin gari mai suna Moab a jihar Utah. Mutanen garin ba su wuce dubu biyar da 'yan kai ba, amma duk wanda ke wasan hawan keke a kan duwatsu, ko a wace nahiya yake, ya san sunansa. Daga Salt Lake City, babban birnin jihar, tafiyar kusan awa huɗu ce a mota zuwa kudu maso gabas. Tun kafin a iso, ƙasa ta fara rikiɗa zuwa ja. Duwatsu jajaye sun yi wa garin katanga hagu da dama, Kogin Colorado ya ratsa ta arewacinsa, can gabas kuma ga tsaunukan La Sal masu tsawon da ya kusa mita 3,900, waɗanda ƙanƙara ke lulluɓe kawunansu watanni da yawa a shekara.

Baƙon da ya shiga shagon hayar keke a garin, bayan an auna tsawonsa an zaɓa masa keke, akwai tambayar da ba ta wuce shi: wace irin feda za a ɗaura maka? Wanda ya saba da keken zuwa makaranta zai yi mamaki, don a saninsa feda feda ce. A Moab amsar wannan tambaya na iya zama bambanci tsakanin komawa masauki da murmushi da komawa da karyayyen hannu.

Daga yuraniyom zuwa keke

Da farko ba keke ne ya fito da garin ba. A 1952 wani masanin duwatsu mai suna Charlie Steen ya gano yuraniyom mai yawa a kudu maso gabashin garin, irin ma'adinin da ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Nan da nan mutane suka yi ca, garin ya cika ya batse. Da kasuwar yuraniyom ta faɗi, masana'antar sarrafa shi ta rufe a 1984, aikin yi ya ƙare, gidaje da dama suka zama kango.

A daidai lokacin wani sabon wasa yana tasowa. A shekarun 1970 wasu matasa a gundumar Marin ta jihar California, cikinsu har da Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, sun riƙa gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga kan tsauni. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da keken Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan dutse na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa. Mahayan suka shiga neman wuraren da za su gwada ƙwanjinsu, suka tarar da Moab tamkar don su aka shimfiɗa ta. Garin da ma'adinai suka bari ya farfaɗo da kuɗin baƙi masu keke da masu ziyartar gandun Arches, inda iska da ruwa suka sassaƙa bakunan dutse fiye da 2,000.

Dutsen da ake kira mai santsi

Hanyar da ta fi suna ita ce Slickrock, 'yan kilomitoci kaɗan gabas da gari. Tsawonta kusan kilomita 17 ne, kuma kusan dukkanta a kan tsurar dutse take. Babu turba irin wadda ƙafa ke fitarwa. Farin fenti ne aka ɗiga a kan dutsen, mahayi ya bi ɗigon. An tsara ta ne a 1969 domin masu babur, daga baya masu keke suka mamaye ta.

Masana ilmin ƙasa sun ce wannan dutse tsofaffin tuddan rairayi ne na wata hamada da ta shuɗe fiye da shekara miliyan 180 da suka wuce, suka dunƙule suka taurare. Shi ya sa har yau siffarsa ta tuddan rairayi ce: a hau, a gangara, a sake hawa, ba hutu. Ma'anar sunan ita ce dutse mai santsi, kuma Turawan da suka fara zama a yankin ne suka raɗa masa, saboda dawakinsu masu takalmin ƙarfe suna zamewa a kansa. Ga roba kuwa labarin ya sha bamban. Fuskar dutsen kaushi gare ta kamar samfefa, tayar keke tana kama shi gam, har mutum ya hau tudun da ido zai ce masa ba ya hawuwa. Ku riƙe wannan a zuciya, ƙarfe na zamewa roba na kamawa, don zai yi mana amfani a gaba.

Feda iri biyu

Ta farko ita ce feda mai faɗi. 'Yar'uwar wadda kuka sani ce, sai dai ta fi girma, ta kusa tafin hannun babban mutum, kuma an dasa mata ƙananan ƙusoshi a fuska biyu. Ana hawa da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba mai laushi, ƙusoshin su nutse cikin robar su riƙe ƙafa. Duk lokacin da mahayi ya ga dama, ɗaga ƙafa kawai zai yi ya sauke ta ƙasa.

Ta biyu ita ce feda mai kama takalmi. Ana ɗaure wani ɗan ƙarfe da sukurori biyu a ƙarƙashin takalmi na musamman. Idan mahayi ya taka fedar ya danna, sai a ji ƙas, ɗan ƙarfen ya shige cikin wani maƙali mai sifirin, ƙafa da feda sun zama abu guda. Ja sama ba ya fitar da ita. Sai an murɗa dunduniya waje sannan ta saki.

Kafin a ƙirƙiro ta, masu tsere suna zura kan takalminsu ne cikin wani ɗan keji su ɗaure da maɗaurin fata, wanda sai an sunkuya an kwance da hannu. Kamfanin Look na Faransa, da ya ƙware a maƙalin takalmin wasan zamiya a kan ƙanƙara, ya kawo dabarar zuwa keke a 1984. Shekara guda bayan haka Bernard Hinault ya lashe gasar Tour de France da irin wannan feda, duniya ta farga. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya fito da samfurin SPD, wanda ɗan ƙarfensa ke lafewa cikin wani rami a ƙasan takalmi, don mahayin dutse ya iya sauka ya taka da ƙafa.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu feda mai kama takalmi sukan nuna tuddan Slickrock. Gajeru ne amma a miƙe suke, kuma wanda ya tsaya a tsakiya ya shiga uku. A irin wannan wuri, in ji su, ƙafar da ke manne ba ta ɓata ko ɗigon ƙarfi, tana iya jan feda sama a lokacin da ɗayar ke dannawa, kuma ba ta zamewa a daidai lokacin da ake neman ta. Sukan kuma nuna hanyar Porcupine Rim, mai cike da tsakuwa da matakalan dutse, inda keke ke jijjiga har haƙora su riƙa haɗuwa. Ƙafar da ba a kama ba tana iya tsalle ta bar feda, ita kuwa fedar ta juyo ta daki ƙwauri da ƙusoshinta. Tabon ƙwauri shi ne tambarin masu feda mai faɗi. Haka nan a gasar tseren ƙetare daji, wadda ta shiga wasannin Olamfik a Atlanta a 1996, kusan kowane ɗan tsere manne yake da fedarsa.

Masu feda mai faɗi su ma tudun suke nunawa. Suna cewa idan numfashi ya ƙare a tsakiyar hawa keke ya tsaya cak, abin da ya rage wa mutum bai kai daƙiƙa guda ba kafin ya karkata. Wanda ƙafarsa ke sake zai dafa ƙasa. Wanda bai saba murɗa dunduniya ba zai faɗi da kekensa manne a ƙafa, a kan dutse mai kaushin samfefa, wani lokaci ya gangara da baya. Sannan idan tudu ya gagara dole a sauka a tura keke, kuma a nan ne tarihin dawakin nan ke maimaita kansa: takalmi mai tauri da ɗan ƙarfe a ƙasa ya fi saurin zamewa a kan dutse, mai roba mai laushi kuwa yana kamawa kamar taya.

Suna da gwarzonsu kuma. Sam Hill ɗan Ostireliya ya zama zakaran duniya a tseren gangara a 2006 da 2007 da 2010, sannan ya lashe jerin gasannin Enduro na duniya shekara uku a jere daga 2017 zuwa 2019, duk a kan feda mai faɗi, alhali yawancin abokan karawarsa manne suke. Akwai kuma batun koyo. Wanda ke kan feda mai faɗi ba shi da hanyar yaudara. In yana son ɗaga tayar baya ko tsallake dutse, dole ya koyi sauke dunduniya, da sassauta gwiwa, da matsa nauyin jikinsa gaba da baya. Wanda ya fara da mannewa yakan saba da fizgo keke da ƙafa, ya girma da wannan gurguwar ɗabi'a.

A tafiya ta yau da kullum kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, bambancin ƙarfi tsakanin biyun ba shi da yawa, domin mafi yawan aikin ƙafa wajen dannawa ƙasa yake. Inda ake jin bambancin shi ne wajen gudun ƙarshe, da hawa mai tsauri, da wurare masu jijjiga.

Inda gardama ke ƙarewa

Akwai wata hanya a yammacin garin da ake kira Portal. A wani sashe nata turbar siririya ce, a gefe guda bangon dutse, a ɗaya gefen rami mai zurfin gaske da ke kallon Kogin Colorado. Mahaya sun rasa rayukansu a wurin, har aka kafa alluna masu gargaɗin kowa ya sauka ya tura kekensa. A nan babu fedar da ke ceton mai taurin kai. Ƙwararren da ya san abin da yake yi yakan sauka ya taka da ƙafa, ba ya kuma jin kunyar hakan.

Hamadar ma tana da nata sharuɗɗan. Ruwan saman da ke sauka a Moab a shekara ba ya kai milimita 250, kuma a watan Yuli zafi kan haura digiri 38. A kan Slickrock babu inuwa babu rijiya, shi ya sa baƙi suka fi zuwa daga Maris zuwa Mayu, ko a Satumba da Oktoba, kowa da ruwansa a goye. Gefen hanya kuma akwai wata baƙar ɓawon ƙasa mai gurguje, wadda ƙananan halittu masu rai suka haɗa, ita ke riƙe rairayi kada iska ta kwashe shi. Sawu guda na iya lalata abin da zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo. Don haka ko ƙafa za a sauke, a kan dutse ake sauke ta.

To, wacce za a zaɓa?

Shawarar da masu koyarwa suka fi bayarwa ita ce sabon shiga ya fara da feda mai faɗi har hannunsa ya faɗa: ya iya birki, ya iya kwana, ya iya tsayuwa a kan feda yana gangara. In daga baya tsere ko doguwar tafiya ta ja hankalinsa, sai ya koma mai kama takalmi. A ranar farko ya sassauta sukurin sifirin ɗin, ya jingina da bango ya yi ta shiga da fita da kowace ƙafa har murɗa dunduniya ta zama jiki, sannan ya gwada a fili mai ciyawa kafin ya tunkari dutse. Ranar da za a hau baƙuwar hanya ba ranar gwada sabuwar feda ba ce. Sannu ba ta hana zuwa. Da yawan tsofaffin hannu ma iri biyun suke ajiyewa, su canza gwargwadon hanyar da za su bi. Mai canzawa ya tuna cewa fedar hagu bai-bai ake ɗaure ta, in ya juya ta yadda ya saba zai cinye zaren.

Ko da ba ku taɓa taka Utah ba, akwai abin ɗauka a nan ga mai zuwa makaranta a keke. Wurare uku ne kawai jikinku ke haɗuwa da keke, wato hannu da sirdi da feda, kuma a gangara ko gargada fedar ce ke ɗauke da mafi yawan nauyinku. Fedar da robarta ta cinye har sandar ƙarfe kaɗai ta rage, a canza ta tun kafin damina. Silifas na zamewa, takalmi rufaffe ya fi. A naɗe ƙafar wando ta dama kada sarƙa ta kama, a gwada birki kafin a bar gida, wanda ya samu hular kwano kuma ya sa. Rigakafi ya fi magani. Sai mun haɗu a mako mai zuwa a wani garin.